Tabon da bai girma ba da wanda ya ɓuya: shekara uku na sa ido kan kansar furostet da hoton MRI

Mutum ne mai shekara 63, lafiyarsa ƙalau in ban da hawan jini da yake shan ƙwaya ɗaya a kansa. Gwajin jini ya nuna PSA ɗinsa, wato sinadarin da furostet ke fitarwa wanda hawansa kan sa a zargi kansa, ya kai nanogiram 5.8 a kowace mililita, aka sake bayan mako shida bai sauka ba. Likita ya sa yatsa ta dubura ya taɓa furostet, bai ji wani ƙullutu ba. Wannan mutum misali ne aka tsara daga irin lamarin da ake yawan gani a asibitocin da ke bibiyar wannan cuta, alƙaluman jikinsa na koyarwa ne. Binciken da za a ambata da sunayensu da shekarunsu kuwa na gaske ne.

Sau da yawa za ka ji ana cewa "kansar mafitsara" alhali furostet ake nufi, kuma gaɓoɓi biyu ne daban. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa. Furostet wani ɗan curin nama ne a ƙarƙashinta, ya kewaye bututun fitsari, yana samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi, bayansa kuma yana jingine da bangon dubura. Wannan maƙwabtaka da dubura za ta dawo mana sau biyu a cikin lamarin.

Hoton farko

An ɗauki MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, tun kafin a taɓa shi da allura, kuma haka ya dace. Binciken PROMIS na Birtaniya da aka wallafa a 2017, a kan maza 576, ya nuna MRI na gano kashi 93 cikin 100 na kansar da ke da haɗari, yayin da tsohuwar hanyar cirar nama ta dubura ba tare da jagoran MRI ba ke gano kashi 48. Akwai kuma dalili na biyu. Allura na barin jini a cikin furostet, jinin kuma yana dagula hoto na tsawon makonni, shi ya sa in an riga an yi bayofsi, wato cirar siraran zaren nama da allura don dubawa, ake jira aƙalla mako shida kafin a ɗauki hoto.

Cikakken hoton furostet iri uku ne a zama ɗaya na minti 30 zuwa 45. Akwai T2, mai nuna tsarin naman, ana yanka shi fala-fala da kaurin milimita 3 ba tare da tazara ba. Akwai DWI, mai auna yadda ruwa ke yawo tsakanin ƙwayoyin halitta: inda ƙwayoyin suka cushe kamar a kansa, ruwa ba ya sakewa, sai wurin ya yi haske a hoton da ƙarfinsa ya kai b 1400 ko fiye, ya yi duhu a taswirar da ake kira ADC. Na uku shi ne wanda ake ɗauka bayan an ɗura ruwan gadoliniyom ta jijiya, milimol 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki, ana ɗaukar hoto kowane daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka don ganin inda jini ya fara shiga.

An auna furostet ɗinsa: santimita 5.0 da 4.4 da 4.2. In aka ninka su ukun, sannan aka ninka da 0.52, ana samun mililita 48. Sai a raba PSA da wannan girman, 5.8 a raba da 48, ya ba da 0.12. Wannan rabon PSA ya fi adadin PSA shi kaɗai magana, domin babbar furostet mai lafiya ma tana fitar da PSA mai yawa. Ƙasa da 0.15 ana samun natsuwa.

A ɓangaren baya na hagu, a yankin gefe inda kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansa ke tasowa, an ga tabo mai milimita 7 da 6 da 6. A ma'aunin PI-RADS mai hawa biyar, mai nuna yiwuwar tabon da aka gani a hoto ya zama kansa mai haɗari, wanda aka sabunta a 2019, an ba shi 3, wato ba a wanke shi ba, ba a kuma kama shi ba. Aka yi bayofsi ta dubura, allura 12 a warwatse bisa tsari, 3 kuma a kan tabon. Biyu daga cikin ukun da ɗaya daga cikin 12 ɗin suka nuna kansa, mafi tsawo milimita 4, dukkansu makin Gleason 3+3 (lambobin biyu matakan munin siffar naman kansar ne, 3 ya fi 4 sauƙi), wanda tun taron ƙwararrun binciken nama na 2014 ake kira rukuni na 1 cikin biyar.

"Likita, ka ce kansa ce, kuma ka ce in koma gida?"

"Kansa ce, Malam, amma irin wadda da wuya ta bar inda take. Ba za mu zura mata ido ba, sa mata ido za mu yi. Ranar da ta canza hali, ranar za mu taɓa ta."

Maganar likitan tana da madogara. Binciken ProtecT ya raba maza 1,643 gida uku: bibiya, tiyata, da gashi, wato ƙona kansar da haske mai ƙarfi. Bayan shekara 15, a sakamakon da aka fitar a 2023, waɗanda kansar ta kashe su ne kashi 3.1 cikin 100 a masu bibiya, 2.2 a masu tiyata, 2.9 a masu gashi. Amma bazuwar cutar zuwa wasu sassan jiki ta kai 9.4 a masu bibiya, kusan ninki biyu na sauran. Bibiyar ProtecT kuwa ta dogara ne da PSA, ba a sa MRI a cikin tsarinta ba. Aikin da ake nema daga hoto a yau shi ne ya rage wannan giɓin, ya tono mutumin da cutarsa ta fi yadda aka zata tun tana cikin furostet.

An ɗora mutuminmu kan jadawalin da hukumar NICE ta Ingila ta shimfiɗa a 2019: PSA kowane wata uku zuwa huɗu a shekarar farko, taɓawa da yatsa a wata na 12, MRI tsakanin wata na 12 da na 18, daga nan PSA kowane wata shida.

Wata na 12: milimita ɗaya da ta tayar da hankali

PSA ya tsaya wajen 6.1. Hoton shekara kuwa an ɗauke shi a wata cibiya daban saboda layi ya yi tsawo a ta farko. Rahoton ya zo da layi biyu masu nauyi: tabo ya kai milimita 8 da 7 da 7, girmansa ya ƙaru da fiye da rabi, PI-RADS 4. Mutumin ya karanta takardar kafin ya ga likita, ya kwana biyu bai runtsa ba, ya zo yana neman a cire masa abin gaba ɗaya.

A nan ya kamata a zauna a yi lissafi. Tabo mai 7 da 6 da 6, in aka ninka da 0.52, girmansa mililita 0.13 ne. Mai 8 da 7 da 7 kuma 0.20. Ƙarin ya kai kashi 56 cikin 100, alhali milimita ɗaya tak aka ƙara a kowane gefe. Milimita ɗaya kuwa ita ce abin da hannun mai aunawa ke iya kaucewa da shi in ya ɗora alamar a bakin tabo maimakon cikinsa, balle a hoton da kaurin kowane falansa milimita 3 ne. Tabon da tsawonsa milimita 6 yana iya bayyana a fala biyu yau, gobe a fala uku, don kawai mutumin ya kwanta da ɗan bambanci. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ƙaramin tabo irin wannan, mudun kansa ma sai an bincike shi.

Da aka karɓo ainihin hotunan, ba rahoton kawai ba, aka jera su gefe da gefe da na farko, abubuwa uku suka fito. Dubura cike take da iska a hoto na biyu, kuma DWI ba ya jure iska: inda iska ta haɗu da nama, maganaɗisu yana karkacewa, sai bayan furostet ya miƙe ko ya lanƙwashe, wani lokaci ma ya yi hasken ƙarya daidai wurin da ake son dubawa. Na biyu, likitan hoto na farko ya auna tabon a T2, na biyu ya auna a DWI da ya riga ya karkace. Na uku, na'urar farko mai ƙarfin tesla 3 ce, ta biyu tesla 1.5 ta wani kamfani daban, adadin ADC kuma ba ya daidaita daga na'ura zuwa na'ura. Likitan hoto na biyu ba a ba shi tsoffin hotunan ba, rahoton rubutu kawai ya gani. Ya kwatanta abin da ya auna da abin da wani ya rubuta.

Babban kuskuren dai shi ne amfani da PI-RADS shi kaɗai. An ƙirƙire shi ne don amsa tambayar mutumin da ba a san yana da kansa ba. Wanda aka riga aka san yana da ita, abin da ake son sani shi ne ko ta canza. Don haka ne wani kwamitin ƙwararru ya fitar da ma'aunin PRECISE a 2017, shi ma mai hawa biyar: 1 tabon ya ɓace, 2 ya ragu ko ya dushe, 3 yana nan yadda yake, 4 ya girma ko ya ƙara fitowa fili ko sabo ya ɓullo, 5 ya keta tantanin furostet ko ya shiga jakunkunan maniyyi, kaluluwa ko ƙashi. Gyaran 2024 ya raba mataki na 3 gida biyu, mai tabon da ake gani da marar tabo, domin waɗanda ake ganin tabonsu a hoto sun fi saurin kaiwa ga buƙatar magani. Ya kuma jaddada cewa sai hoto ya cika sharuɗɗan inganci kafin a ba shi maki. Hoton wata na 12 bai cika ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne ba za a iya yanke hukunci da shi ba.

Aka sake ɗauka a wata na 14 a na'urar farko. An ce ya yi bayan gida kafin ya shiga, ya guji saduwa da iyali kwana uku don jakunkunan maniyyi su cika su fito sosai, aka kuma yi masa allurar Buscopan miligiram 20 don hanji ya lafa, bayan an tabbatar ba shi da gilakoma ko matsalar bugun zuciya. Tabon ya fito 7 da 6 da 7, mililita 0.15. PRECISE 3, mai tabon da ake gani.

Duk da haka an yi masa bayofsin tabbatarwa, kuma daidai ne. Wasu na ganin tunda hoto bai canza ba a bar mutum ya huta da allura, to amma alƙaluma ba su goyi bayan haka a wannan mataki ba. Wani nazari na 2021 da ya tattara bincike 15 ya gano cewa canjin da ake gani a MRI yana kama kusan kashi 59 cikin 100 ne kawai na waɗanda cutarsu ta hau mataki a gwajin nama. Kusan huɗu cikin goma ke nan suna wucewa hoto bai ce komai ba. Amfanin hoton ya fi fitowa a wajen nuna wa allura hanya: a binciken ASIST na Kanada, bayan shekara biyu, waɗanda aka yi wa bayofsin tabbatarwa da jagoran MRI sun fita daga tsarin sa ido da kusan rabin adadin waɗanda aka yi wa ba tare da shi ba. Sakamakon mutuminmu ya dawo rukuni na 1 kamar da. Sai dai an sake bi ta dubura ne, aka sake caccakar bayan furostet. A riƙe wannan.

Wata na 20 zuwa 34: PSA ya hau, ya sauka, duka biyun ba gaskiya ba

A wata na 20 PSA ya yi tsalle zuwa 9.4. Yana fama da zafin fitsari da zazzaɓi a lokacin, gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a fitsarin. Aka ba shi magani, aka jira mako shida, PSA ya koma 6.3. Ba a ɗauki hoto a tsakiyar ciwon ba, kuma an kyauta, domin kumburin furostet yana yin duhu a T2 yana kuma shan gadoliniyom da wuri, sak irin na kansa. Haka ma riƙewar fitsari, saka robar fitsari, da fitar maniyyi ko motsa jiki mai tsanani cikin awa 48 kafin a ɗebi jini, duk suna iya ɗaga adadin.

Bayan ciwon, fitsarinsa ya ci gaba da fita a hankali, yana tashi sau uku da dare. Wani likita da ba ya cikin masu bibiyar kansar ya rubuta masa dutasteride a wata na 22. Maganin ya yi aiki, barci ya dawo. A wata na 28 PSA ya nuna 3.2, kowa ya yi murna, aka ɗage hoton da aka shirya yi a lokacin. Ba wanda ya tambaye shi ko ya fara sabon magani, shi ma bai ga alaƙar maganin fitsari da gwajin jini ba.

Dutasteride da ɗan'uwansa finasteride suna rage PSA da kusan rabi bayan wata shida zuwa shekara, suna kuma motse furostet da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Ƙa'idar ita ce a ninka adadin sau biyu: 3.2 na nufin 6.4, wato babu abin da ya sauka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne duk wani hawa daga mafi ƙarancin adadin da aka samu a kan maganin abin bincike ne, ko da adadin yana kama da na mai lafiya. A wata na 34 ya nuna 4.1. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta bi jerin magungunansa ɗaya bayan ɗaya ta ga dutasteride, ta ninka, ta samu 8.2, ta nemi a gaggauta hoto. Rabon PSA a wannan hali ya riga ya gurɓace, tunda maganin ya taɓa adadin PSA da girman furostet duka, saboda haka ba a jingina da shi ba.

Wata na 36

Na'ura ɗaya, shiri ɗaya, likitan hoton da ya karanta na wata na 14, da dukkan tsoffin hotuna a buɗe a gabansa. Furostet ta koma santimita 4.7 da 4.1 da 4.0, mililita 40. Tsohon tabon hagu ya ragu zuwa 6 da 5 da 5 ya kuma dushe. Da a kansa kaɗai za a tsaya, da PRECISE 2 za a rubuta a sallame shi. Amma wannan raguwa ma aikin magani ce: a ƙaramin binciken MAPPED da aka wallafa a 2017, tabon da ake gani a T2 ya ragu da kashi 36 cikin 100 bayan wata shida a masu shan dutasteride, ya ƙaru da kashi 12 a waɗanda ba su sha ba. Dushewar tabo a irin wannan hali ba shaidar warkewa ba ce.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A can gaba, ta ɓangaren dama, a yankin tsakiya da ke kewaye da bututun fitsari, akwai wuri mai duhu sumul a T2, mai siffar ƙwayar wake da aka matse, gefensa a shafe kamar an goga gawayi da yatsa. Ƙullutun tsufa da ke cika wannan yanki a maza masu shekaru suna da zagayayyen baki da layi siriri da ya kewaye su. Wannan ba shi da layin. Ya yi haske ƙwarai a DWI, ya yi baƙi a ADC. Girmansa milimita 12 da 9 da 10, mililita 0.56. Bai kai santimita 1.5 ba kuma bai keta tantani ba, don haka PI-RADS 4. A ma'aunin canji kuwa PRECISE 4, kuma makin tabo mafi muni shi ne makin hoton gaba ɗaya.

Da aka koma hoton wata na 14 da sanin inda za a duba, sai ga ɗan duhu mai kimanin milimita 5 a daidai wurin, an ɗauke shi ƙullutun tsufa a lokacin. Ba za a ce sakaci ba ne kai tsaye, domin a wannan girman ƙwararru biyu ma suna iya saɓawa. Amma hankalin kowa ya tafi kan tabon da aka riga aka sani, rigimar milimita ɗaya ta cinye zaman. Hoton bibiya ana karanta shi sau biyu ne: sau ɗaya a kwatanta tsohon tabo, sau ɗaya kuma a bi furostet daga sama har ƙasa kamar ba a taɓa ganinta ba.

Yatsan likita bai taɓa jin wannan tabo ba kuma ba zai ji ba, domin bayan furostet kaɗai yake kaiwa. Allurar da ke shiga ta dubura ma tana ciro zaren nama mai tsawon kusan santimita 2 ne daga baya, gaban furostet sai an nufe shi da gangan. Allura 30 ke nan a zama biyu, babu wadda ta isa wurin. Wannan karon an bi ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, bayan an kashe wurin da allura, aka ɗora hoton MRI a kan na'urar duban ciki don ta nuna hanya. Ta nan allura na tafiya a tsawon furostet, gaba da baya duk suna samuwa, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta cikin jini kuma ya ragu tunda ba a ratsa hanji ba. An ɗauki huɗu daga sabon tabo, biyu daga tsoho, sauran bisa tsari.

Tsohon tabo: rukuni na 1, yadda yake. Sabon: uku cikin huɗu sun kama, mafi tsawo milimita 9, Gleason 3+4, rukuni na 2, kashi 30 cikin 100 na naman mataki na 4 ne. Likitan binciken nama ya ƙara layi ɗaya da ya yanke maganar: akwai siffar rariya, wato ƙwayoyin kansa sun haɗu sun yi faifai mai huji-huji. Rukuni na 2 shi kaɗai ba ya fitar da mutum daga sa ido. Mai ɗan mataki na 4 da bai wuce kashi 10 ba, da ƙaramin tabo da PSA ƙasa da 10, ana iya ci gaba da bibiyarsa in ya yarda. Siffar rariya kuwa tana tafiya da haɗarin bazuwa, kuma ƙa'idojin ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai sun cire mai ita daga tsarin.

Shin cutar ce ta hau mataki cikin shekara uku, ko tun farko tana nan ba a same ta ba? Ɗan duhun wata na 14 ya fi karkata ga na biyun, kuma haka abin yake a yawancin waɗanda ake canza wa rukuni a shekarun farko: ba ƙaramar kansar ce ta rikiɗe ba, wata ce daban allura ta tsallake. Abu biyu da sun rage tazarar. Da bayofsin tabbatarwa ya bi ta fata ya haɗa da gaban furostet, mai yiwuwa da an same ta wata 22 kafin lokacin. Da kuma an rubuta dutasteride a kan takardar neman gwajin jini, da ba a ɗage hoton wata na 28 ba. Cibiyoyi sun sha bamban kan tazarar hoto bayan shekarar farko, daga shekara ɗaya zuwa uku, amma mai tabon da ake gani bai kamata saukar PSA kaɗai ta sa a ɗage nasa ba.

Hotunan bibiya na wannan mutum duk an yi su da gadoliniyom, kuma ana ta muhawara ko dole ne. Binciken PRIME na 2025 ya nuna gajeren hoto marar allura yana gano kansa mai haɗari daidai da cikakken, sai dai a kan masu zuwa gwajin farko aka yi shi, kuma da sharaɗin hoton ya yi kyau. Ga mai ƙarfen ƙugu na tiyata, wanda ke lalata DWI, hoton gadoliniyom ne ke ceton zaman, kuma na'urar tesla 1.5 ta fi masa.

An zauna da shi da matarsa aka shimfiɗa zaɓi biyu, tiyata ko gashi, da abin da kowanne ke iya bari: ɗigar fitsari da raunin gaba sun fi yawa bayan tiyata, matsalar hanji ta fi yawa bayan gashi, wanda shi ma yana taɓa ƙarfin gaba a hankali. Saboda matsalar fitsarin da yake da ita tun da, ya zaɓi tiyata. Hoton ya sake amfani a nan. Tunda tabon mai haɗari yana gaba, nesa da jijiyoyin da ke bin bayan furostet ta gefe biyu masu riƙe da ƙarfin namiji, likitan tiyata ya bar su duka biyun, ya faɗaɗa yanka ta gaba inda tantanin furostet ba shi da kauri.

Da aka yanka furostet ɗin fala-fala a ɗakin bincike, an sami kansa biyu. Ta gaba mai milimita 15, ta ɗan fi yadda hoto ya nuna, abin da aka saba gani domin MRI yakan rage girman tabo, rukuni na 2 da siffar rariya, ba ta keta tantani ba, bakin yanka kuma babu kansa. Ta baya mai milimita 6, rukuni na 1, ita ce aka yi shekara uku ana aunawa. Mako takwas bayan tiyata PSA ya sauka ƙasa da 0.1. An daina dutasteride, an sa shi atisayen tsokar ƙasan mara don riƙe fitsari, za a kuma riƙa auna PSA kowane wata shida na shekara biyu, daga nan sau ɗaya a shekara.